Ina Za A Sa Yaro Karatu? Tambayar Ta Girmi Iyaka

Kowace shekara, da damina ta fara ɗaukewa, magana ɗaya ce ke tasowa a rugage da rumfunan kasuwa: ina za a sa yaro karatu? A lakwal ko a boko? A madarasa ko a tsangaya? Wasu na ganin sabon yayi ne iyaye su ce sai sun zaɓa da kansu. To, mu waiwaya baya kaɗan mu gani.

Kafin zuwan Nasara, uba ne ke zaɓar malami. Shi zai auna ilimin mutum da halinsa, sannan ya danƙa masa ɗansa. Wani yaron a kai shi Katsina, wani Kano, wani kuma a yi gabas da shi zuwa Barno don hadda. Almajirai da yawa sai an gama girbi suke fita, ruwa na sauka su komo gona. Kun ga, karatun ne ke bin rayuwar gida.

Sai Faransa da Ingila suka raba ƙasar. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakun iyaka, aka bar Maraɗi a arewa, Katsina a kudu, alhali tushensu ɗaya. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, ana koyarwa da Hausa. A ɓangaren Faransa kuwa, lakwal da Faransanci kaɗai take magana. Kuma ba tambayar uba ake yi ba: kwamanda zai aika wa sarki ya kawo yara, sarki ya aika wa masu gari. Masu hali da dama suka ɓoye nasu, suka tura 'ya'yan bayi da na barori. Idan kun ji tsoho na gudun lakwal har yau, daga nan abin ya samo asali. An ƙwace masa zaɓi ne.

Da sannu hukumomi suka gane cewa tilas ba ta riƙe yaro a aji. A 1957 aka buɗe madarasar Say, inda aka haɗa Larabci da Faransanci. A 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Najeriya ta kawo firamare kyauta ga kowa a 1976, amma ɗan makiyayi bai amfana sosai ba, tunda aji ba ya bin garke. Shi ya sa a 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, mai hedkwata a Kaduna. Kowane mataki a nan amsa ce ga iyayen da suka ƙi abin da aka ba su.

Yau me ya rage? Kai makiyayi, ka san lissafin. Ana buɗe lakwal a Oktoba, lokacin da kake shirin gangarawa kudu neman ciyawa. Ana rufe ta sa'ad da kake komowa. Ko dai ka bar yaro a hannun wani a gari, ko ka tafi da shi ya rasa shekara. Kai kuma ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Ƙwanni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, kana son ɗan da zai karanta takardar duwan da Faransanci, ya karanta ta kwastan da Turanci, bai kuma bar Alƙur'ani ba. Makarantar da ta fi kusa da gidanka ba lalle ta ba shi duka ukun ba.

Shi ya sa wasu ke tsallakar da yaransu. Amma wannan ma akwai kasada. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ɗalibin da makarantarsa ke can ƙetare shi ma ya sha wahalar. Ga kuma batun takarda: mai birbe ko bak ba ya shiga makarantar Najeriya kai tsaye sai an daidaita masa sakamako, haka ma mai takardar can idan ya dawo nan.

Saboda haka, kafin ku rubuta sunan yaro, ku yi tambaya kamar yadda kakanninmu ke yi wa malami. Da wane harshe ake koyarwa? Yaushe ne hutu? In tafiya ta kama, za a ba da takardar canjin makaranta? Ku kuma yi wa yaro takardar haihuwa tun yana goye, don ita ake fara nema a kowane ɓangare.

Ku aiko mana da yadda kuka yi da naku yaran, mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka.