Takardar Gida Ɗaya Ba Ta Isa Shaida Ba: Nazarin Kundin Filaye da Ƙiyasin Harajin Gidaje a Gundumar Cook ta Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake adana bayanan filaye da gidaje a gundumar Cook ta jihar Illinois, wadda birnin Shikago ke cikinta, da yadda ake ƙiyasta darajarsu domin yanka haraji. An bi sawun takardun da ofisoshin gundumar ke fitarwa, aka auna su da binciken da aka wallafa tsakanin 2017 da 2022. An gano cewa mai gida na iya duba takardarsa ya tarar babu kuskure ko ɗaya, alhali yana biyan abin da ya fi kasonsa, domin kuskuren yana cikin takardar wani. Saboda haka buɗe kundi ga jama'a, wanda ake ta yabawa, ba ya kare mai ƙaramin gida muddin gida ɗaya-ɗaya ake dubawa.

1.0 Gabatarwa

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke riƙe da rajistar filaye ba. A mafi yawan jihohi aikin gunduma ne, gundumomin kuwa sun haura dubu uku, kowace da nata tsarin. Cook ita ce ta biyu a yawan jama'a bayan Los Angeles, mutanenta sun haura miliyan 5, filaye da gidajen da ke kundinta kuma sun kai kimanin miliyan 1.8. Daga harajinsu ake gudanar da makarantun gwamnati, su ne ma ke cin kaso mafi tsoka, sai 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ɗakunan karatu.

Mai karatun da ya saba da takardar shaidar mallaka wadda gwamna ke sa wa hannu a Najeriya, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sai ya ajiye wannan tunanin gefe. Ofishin rajista a Cook ba ya tabbatar wa kowa mallaka. Yana karɓar takardar ciniki ne, ya buga mata lamba da rana, ya adana. Tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai gidan aiki ne na kamfanonin inshorar mallaka. Dogaro da kamfanoni ya ƙara ƙarfi bayan gobarar Shikago ta 1871, wadda ta cinye kundin gundumar, har sai da aka koma ga littattafan da wasu kamfanoni masu zaman kansu suka tsirar daga wutar. Daga baya gundumar ta gwada tsarin Torrens, inda hukuma da kanta ke ba da shaidar mallaka, tun daga ƙarshen ƙarni na 19, amma aka soke shi a shekarun 1990.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

A 2017 jaridar Chicago Tribune ta wallafa jerin rahotannin Jason Grotto, waɗanda suka nuna cewa ofishin ƙiyasi a ƙarƙashin Joseph Berrios ya daɗe yana ƙara wa gidaje masu araha daraja, yana rage wa masu tsada. Christopher Berry na Jami'ar Shikago ya ƙiyasta cewa tsakanin 2011 da 2015, a birnin Shikago, an ɗauke harajin da ya kai dala biliyan 2.2 daga gidajen da aka rage wa daraja aka ɗora wa waɗanda aka ƙara wa. Berrios ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2018, Fritz Kaegi ya gaje shi.

Daga nan aka sami fahimta iri biyu, kuma da su duka wannan maƙala ke ja. Ta farko tana ganin matsalar ta mutum ce da siyasa. Masu wannan ra'ayi na da abin kafa hujja, domin Michael Madigan, wanda ya daɗe yana shugabancin majalisar wakilan jihar, da Edward Burke, kansilan da ya fi kowa daɗewa a majalisar birnin, kowannensu ya kasance yana da ofishin lauyoyi mai neman wa manyan gine-gine ragin haraji. Amma da a ce wannan ne kaɗai dalili, da cutar ba ta wuce iyakar Cook ba. Berry, a aikinsa na 2021, ya duba miliyoyin cinikin gidaje a faɗin ƙasar, ya tarar cewa a cikin hukuma ɗaya, gidajen da ke kashi goma na ƙasa a farashi ana ƙiyasta su da kusan ninki biyu na yadda ake ƙiyasta kashi goma na sama, idan aka auna kowanne da kuɗin da aka sayar da shi. Bernadette Atuahene ta sami mafi muni a Detroit, inda aka ƙiyasta gidaje masu yawa sama da rabin darajarsu, abin da kundin tsarin mulkin jihar Michigan ya haramta. Carlos Avenancio-León da Troup Howard kuwa, a 2022, sun nuna cewa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka na ɗaukar nauyin haraji da ya ɗara na farar fata da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari a ƙarƙashin hukuma guda. Ba dukkan waɗannan garuruwa ke da Berrios ba.

Fahimta ta biyu ta fi ta farko laushi, ta kuma fi yaɗuwa. Tana cewa da zarar an zuba bayanai a intanet, kowa zai duba nasa ya kai ƙorafi, gyara ya samu. Ofishin Kaegi ya yi nisa a wannan fanni, har manhajar lissafin da yake ƙiyasi da ita ya sake wa jama'a. Abin yabo ne. Tambayar da ba a yi ba ita ce: me mai gida zai iya gani a takardarsa, me kuma ba zai taɓa gani ba?

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An yi nazarin takardu ne. An bi tsarin bayanan da ofisoshi huɗu na gundumar ke bayyanawa, aka daidaita su da dokar harajin gidaje ta jihar, sannan aka gina misalin lissafi na gidaje biyu. Alƙaluman misalin na ƙaddarawa ne, amma matakan lissafin su ne waɗanda gundumar ke bi.

4.0 Inda Bayanan Suke

Mabuɗin komai lambar fili ce mai alƙaluma 14. Biyun farko da biyun da ke bi musu suna nuna yanki da sashe bisa awon ƙasa da aka faro da dokar 1785, wanda ya yanyanka ƙasa murabba'i-murabba'i, mil shida kowane gefe, kowane yanki da sassa 36. Uku na gaba rukunin gidaje ne, uku na bayansu filin kansa, huɗun ƙarshe kuma na ɗaki ne a benen da mutane da yawa suka mallaka. Da adireshi ake samo lambar, da lambar ake samo sauran.

Magatakardan gunduma ke riƙe da takardun ciniki da na jingina tun Disambar 2020, lokacin da aka narkar da tsohon ofishin rajista cikin nasa. Ofishin ƙiyasi na da siffar gida, wato girma da shekaru da irin gini, da darajar da aka sa masa. Kwamitin sake duba ƙiyasi, mai kwamishinoni uku zaɓaɓɓu, na da tarihin ƙorafe-ƙorafe. Ma'aji ke aika takardar haraji da karɓar kuɗi, kashi biyu a shekara, na farko kashi 55 cikin ɗari na abin da aka biya bara.

Abu ɗaya na ruɗa sabon mai bincike. Takardar ciniki sau da yawa ba ta faɗin farashi, sai ta ce an sayar a kan dala goma da wasu abubuwa masu daraja. Farashin gaskiya yana cikin takardar bayanin ciniki da ake cikewa domin harajin sauya mallaka. Jihar na karɓar santi 50 a kan kowace dala 500, don haka hatimin jiha na dala 250 na nufin gidan dala dubu 250. Haka kuma ba kowace takarda ce ciniki ba: akwai ta kyauta tsakanin dangi, akwai ta gwanjon banki, kuma duk wanda ya cakuɗa su da cinikin kasuwa zai fito da lissafin banza.

4.1 Kuskuren da Ba Ya Cikin Takardarka

A Illinois ba a fara da yanka adadin kashi sannan a ga abin da aka tara. Kowace hukuma, ta makarantu ko ta birni, tana faɗin jimillar kuɗin da take buƙata, sai magatakarda ya raba wannan jimilla a kan dukkan darajar da aka ƙiyasta a yankin. Kamar karo-karon gyaran rijiyar unguwa ne bayan an gama ciniki da magini: kuɗin aiki ba ya raguwa don an sassauta wa wani, sai dai na saura ya ƙaru.

Matakan su ne waɗannan. Ana sake ƙiyasi duk shekara uku, gundumar kashi uku, birnin Shikago ya sami nasa a 2018 da 2021 da 2024. Gidan zama ana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na darajarsa, ginin kasuwanci kashi 25. Sai ma'aikatar kuɗin shiga ta jiha ta fitar da lambar ninki, wadda a 'yan shekarun nan take kusan 3, domin jimillar gundumar ta kai sulusin darajar kasuwa kamar yadda doka ta nema. Daga nan a cire rangwamen mai zama a gidansa, dala dubu 10, sannan a ɗora adadin kashin.

A ƙaddara gari mai gidaje biyu kacal, ana neman dala 17,920 daga gare su. Na Malam darajarsa a kasuwa dala dubu 100, na Alhaji dala miliyan 1. Idan an ƙiyasta kowanne daidai, abin da za a yanka wa haraji a gidan Malam dubu 20 ne, a na Alhaji dubu 290. Malam zai biya dala 1,156, Alhaji 16,764.

Yanzu a ƙaddara an yi irin kuskuren da aka saba, an sa wa Malam dubu 120, an sa wa Alhaji dubu 800. Malam zai biya 1,820, wato ƙarin dala 664. Wannan shi ne abin da 'yan jarida suka bankaɗo, kuma Malam na iya ganinsa: ya san nawa ya sayi gidansa, ya ga an rubuta abin da ya fi haka, ya kai ƙorafi.

A ce ya kai, ya kuma yi nasara, an mayar da shi dubu 100 daidai. Takardarsa ta wanku sarai, babu lauyan da zai sami abin gyarawa a ciki. To amma na Alhaji na nan a dubu 800. Jimillar da za a raba kuɗin a kanta ta zama dubu 250 maimakon dubu 310, sai Malam ya biya 1,434. Har yanzu akwai ƙarin dala 278 a wuyansa kowace shekara, kusan rubu'in abin da ya cancanta ya biya, kuma babu layi ɗaya a takardarsa da zai nuna masa haka.

Abubuwa uku ke rufe wannan ƙari. Lambar ninkin jiha ba ta gyara shi, domin lamba ɗaya ce ake ninka kowa da ita, wanda aka rage wa da wanda aka ƙara wa. Hanyar ƙorafi ma ba ta kai gare shi, domin ana neman mai ƙorafi ya kawo gidaje masu kama da nasa a unguwarsu, waɗanda galibi kuskure ɗaya ya haɗa su da shi. Idan duk unguwa aka ƙara wa, kowa zai ga ya yi daidai da maƙwabcinsa ya koma ya zauna. Na uku, kuma mafi nauyi, kusan duk ƙorafin da ake kaiwa na neman ragi ne, ragin da wani ya samu kuwa yana komawa kan wanda bai kai ba. Avenancio-León da Howard sun duba wannan a Cook kanta, suka tarar marasa rinjaye ba su cika kai ƙorafi ba, idan sun kai ba su cika yin nasara ba, idan sun yi nasara ragin bai kai na sauran ba.

Me ya sa kuskuren ke karkata gefe guda ko babu maguɗi? Domin kundin ofishin ƙiyasi ya san girman gida da shekarunsa, bai san rufin da ke yoyo ba, bai san kicin ɗin da aka kashe wa dukiya ba. Gidaje biyu masu siffa ɗaya a takarda sai a ba su daraja kusan ɗaya, ta tsakiya, wadda ta yi wa lalataccen yawa ta yi wa gyararren kaɗan. Mai saye kuwa ya shiga ciki ya gani da idonsa.

Awon da ke fallasa wannan ba sabo ba ne. A raba darajar da aka ƙiyasta da farashin da aka sayar, a yi haka ga dubban gidaje, a jera su daga mai araha zuwa mai tsada. Ƙungiyar jami'an ƙiyasi ta duniya ta sa iyakar ma'aunin karkata tsakanin 0.98 da 1.03, abin da ya haura haka alama ce ana danne masu ƙananan gidaje. Sai dai wannan awo na buƙatar haɗa farashi daga wani kundi da ƙiyasi daga wani, da tace cinikin da ba na kasuwa ba. Aikin jami'a ne ko na jarida mai ƙarfi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne hukumar da ke son a ce ta buɗe kundinta, wannan jadawali ya kamata ta buga a bayan kowace takardar haraji, unguwa-unguwa.

5.0 Iyakokin Bincike

Dole a ambaci wasu iyakoki. Misalin gidaje biyu ya zuzuta tasirin gida guda, a gari mai dubban gidaje ƙarin na taruwa ne daga kura-kurai masu yawa. An kuma bar gine-ginen kasuwanci a waje, alhali rabon nauyi tsakaninsu da gidajen zama na daga manyan rigingimun Cook. Masana irin su John Clapp sun daɗe suna nuna cewa farashin ciniki ma ba ya rasa nasa kuskuren, kuma wannan kaɗai na iya sa awo ya nuna karkata fiye da yadda take. Gaskiya ne, amma yana rage girman gibin ne, bai shafe shi ba. Sakamakon kuma ba zai yi aiki kai tsaye a Kalifoniya ba, inda dokar 1978 ta ɗaure ƙiyasi ga farashin saye ta hana shi ƙaruwa fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara, ko a Texas, inda doka ba ta tilasta bayyana farashin ciniki.