Shekarar 1953: Tarzoma da Kofi a Gari Ɗaya

'Yan uwa mazauna birane, duk wanda ya taso tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san Bata, mahaɗar da ta samo suna daga kantin takalman Bata. Sai dai kaɗan ne cikin 'ya'yanmu suka san abubuwa biyu da suka faru a 1953.

A watan Mayun shekarar, rikicin siyasa kan neman mulkin kai ya jawo tarzoma tsakanin mutanen waɗannan unguwanni biyu. An yi kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi, rayuka da dama suka salwanta.

A wannan shekara kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano ta doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, ta ɗauki Kofin Gwamna. An fara wannan gasa ta shekara-shekara a 1945, kuma kofin bai taɓa barin Ikko ba sai a wannan karo. Garin da ya yi makoki shi ne ya yi murna. Daga baya Raccah Rovers ta zama zakaran ƙasa a 1978, Kano Pillars kuma ta maido da kofin gida a 2019, bayan shekara 66.

Mu da muka yi aikin koyarwa mun shaida yadda filin wasa na Sabon Gari ke zaunar da Bahaushe da Ibo da Bayarabe a benci ɗaya. Saboda haka muna roƙonku ku ɗauki nauyin gasar shekara-shekara tsakanin matasan unguwanninmu, domin zumunci a ƙafa yake. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.