Ambaliyar Fulorans ta 1966 da Iyakar Hannun Mai Gyara

Da safiyar ranar 4 ga Nuwamba, 1966, kogin Arno ya yi ambaliya cikin birnin Fulorans na ƙasar Italiya, bayan an kwana biyu ana sheƙa ruwan sama. Ruwan ya taho da laka, ya kuma kwaso man da mutanen gari ke tarawa a tankunan ƙarƙashin gidaje domin ɗumama ɗakuna. A unguwar Santa Croce zurfinsa ya haura mita 5. An yi asarar rayuka da dukiya, sannan littattafai da takardu fiye da miliyan 1 suka jiƙe a babban ɗakin karatu na ƙasa. Wannan muƙala za ta dubi yadda masifar ta sauya aikin gyaran kayan fasaha, da tambayar da ta bar wa masana: ina ne hannun mai gyara ya kamata ya tsaya?

Kafin ambaliyar, kimiyya ta riga ta shiga gidajen adana kayan tarihi. A 1888 aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje a gidajen tarihi na Berlin ƙarƙashin masanin sinadarai Friedrich Rathgen. Gidan tarihi na Birtaniya ya bi sahu a 1920, bayan an ga yadda danshi ya lalata kayan da aka ɓoye a ƙarƙashin ƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Italiya kuwa, Cesare Brandi, wanda ya shugabanci cibiyar gyara da aka kafa a birnin Rum a 1939, ya fitar da ƙa'idojinsa a littafi a 1963. Ginshiƙinsu shi ne, duk abin da mai gyara ya ƙara, dole ya zama ana iya gane shi, ana kuma iya cire shi. Shekaru uku kacal bayan haka ruwan Arno ya jarraba waɗannan ƙa'idoji.

Tsofaffin zane-zanen Fulorans da yawa a kan katako aka yi su. Akan shafe katakon da farin alli da aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, sannan a ɗora fenti. Idan ruwa ya shiga, katakon ya kumbura, danƙon ya narke. Idan ya bushe da gaggawa, sai ya tsuke, fentin ya rasa wurin zama ya ɓamɓare. Saboda haka masanan suka liƙa siririyar takarda a fuskar kowane zane da wani danƙo na sinadari domin riƙe fentin. Daga nan suka kwashe zane-zanen zuwa wani dogon gini a lambun Boboli, inda aka saba ajiye itatuwan lemo lokacin hunturu. A can aka riƙa rage danshin iska kaɗan-kaɗan, domin kada garin neman gira a rasa ido.

Babu abin da ya tayar da hankali kamar babban gicciyen da Cimabue ya zana a ƙarni na 13, mai tsawon fiye da mita 4. Kusan kashi 60 cikin 100 na fentinsa ya tafi. An riƙa tace laka da rariya ana neman ɓarɓashinsa. A sabon ɗakin gwaje-gwajen da aka kafa a tsohuwar ganuwar Fortezza da Basso, an raba abin da ya saura na fentin da katakon, an busar da katakon an ƙarfafa shi, sannan aka mayar da fentin mazauninsa.

Nan ne tambayar ta taso. Wani sashe na fuskar da ta jikin hoton ya ɓace, alhali akwai hotunan da aka ɗauka kafin ambaliya. Ƙwararren mai zane zai iya cike gurbin har ba a gane ba, amma da an yi haka, da mai kallo ya riƙa yaba hannun mutumin ƙarni na 20 yana zaton na Cimabue ne. Da kuma an bar katakon tsirara, da raunin ya rinjayi hoton. Umberto Baldini da Ornella Casazza suka zaɓi cike guraben da siraran layuka masu launuka kaɗan, suna gittar juna. Daga nesa ido yakan haɗa su da sauran hoton ya huta, daga kusa kuwa kowa zai ga inda aikin Cimabue ya ƙare. An kammala gyaran a 1976. Wasu masana sun soki salon, suna ganin layukan sun cika jan ido. Sukar tana da hujja, sai dai ko ba komai, ba a yaudari kowa ba, kuma wanda ya zo da dabara mafi kyau zai iya cire su.

Wasu ayyukan sun fi haka jinkiri. Hoton jibin ƙarshe da Giorgio Vasari ya zana a 1546 a kan faifan katako biyar ya shafe shekaru kusan 40 a ajiye da takardarsa a fuska, domin masana sun ƙi taɓa abin da ba su da dabarar ceto shi. Cibiyar Opificio delle Pietre Dure ta kammala gyaransa, aka mayar da shi Santa Croce a Nuwamban 2016, shekara 50 cif bayan ambaliyar. An rataye shi a kan na'urar da za ta ɗaga shi sama cikin hanzari idan ruwa ya sake zuwa, domin rigakafi ya fi magani.

Fulorans ta koya wa ɗakunan gwaje-gwaje na duniya haƙuri da riƙon amana. Mai gyara yakan binciki abin da aka yi kaya da shi kafin ya taɓa, ya rubuta duk abin da ya yi, ya kuma bar wa na baya damar warware aikinsa. Guraben da ke jikin gicciyen Cimabue yanzu sun zama sashe na tarihinsa, suna shaida wa mai kallo abin da ruwa ya ci da abin da mutane suka iya cetowa.