Abinci mai rai a cikin gwangwani: tarihin ƙwan Artemia

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin ƙyanƙyasar tarwada ya san kwanakin farko su ne masu wuya. Ɗan kifi yakan fito da guzurinsa, wato ragowar kwaiduwar da ke maƙale a cikinsa. Bayan kamar kwana uku guzurin ya ƙare, alhali bakinsa bai isa haɗiyar abincin buhu ba, kuma abin da ke motsi ne ke jan hankalinsa. In bai samu ba, ko ya mutu ko ya afka wa ɗan'uwansa.

Matsalar ta daɗe. A Turai, masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi sukan tato ƙwarin ruwa daga kududdufai, ko su kiwata ƙananan kifaye su ciyar da manya. Sai dai kududdufi na daskarewa da hunturu, kuma yakan haɗo abinci da cuta.

Mafitar ta ɓullo ne daga ruwan da kifi ba ya iya zama a cikinsa. A 1755 wani masani mai suna Schlosser ya bayyana wata ƙaramar halitta, dangin jatan lande, a wuraren haɗa gishiri na Lymington da ke kudancin Ingila. Daga baya aka raɗa mata suna Artemia. Sirrinta yana cikin ƙwanta: idan yanayi ya tsananta, uwar takan saka ƙwai mai taurin ɓawo wanda zai bushe kamar rairayi, ya shekara da shekaru bai mutu ba. Da zarar an zuba shi a ruwan gishiri mai iska, sai ya ƙyanƙyashe cikin kamar awa 24.

An yi kusan shekara 180 kafin a ga amfanin wannan. A 1933 Alvin Seale na gidan nunin kifaye na Steinhart a San Fransisko ya ba da labarin ciyar da 'ya'yan kifi da sabuwar ƙyanƙyasar Artemia. A 1939 Gunnar Rollefsen ya yi haka da 'ya'yan kifin teku a Norwe. Daga nan mai kiwo ya huta da bin kududdufi, tun da abinci mai rai ya zama abin ajiyewa a gwangwani.

A shekarun 1950 aka fara kasuwancin ƙwan daga gaɓar San Fransisko da Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta, akasari domin masu kifin ado. Da kiwon kifi da jatan lande ya bunƙasa a shekarun 1970, ƙwan ya yi ƙaranci, farashi ya tashi. Batun ya kai gaban taron da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a Kyoto a 1976. A 1978 aka kafa cibiyar nazarin Artemia a Jami'ar Ghent ta Beljiyam ƙarƙashin Patrick Sorgeloos, aka kuma dasa halittar a wuraren haɗa gishiri na Barazil da Biyetnam.

Duk da haka, tafkin Yuta ne har yau ke samar da kaso mai yawa na ƙwan da duniya ke amfani da shi. A Nuwamban 2022 ruwansa ya ja baya fiye da kowane lokaci tun da aka fara aunawa, saboda fari da karkatar da kogunan da ke shiga cikinsa zuwa gonaki. Gishirin ya yi kauri har ya fara barazana ga Artemia kanta.

Mai ƙyanƙyasar tarwada a Najeriya yana sayen gwangwanin ne da kuɗin da ke bin farashin dala. Shi ya sa wasu suka koma kiwon ƙwarin ruwa irin su Moina a kwatami, da kashin kaji a matsayin taki.