Daga Mudu Zuwa Haruffan Kwamfuta: Tarihin Daidaita Ma'auni

Ciniki tsakanin mutanen da ba su san juna ba ba ya yiwuwa sai sun yarda da ma'auni ɗaya. A kasuwannin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da mudu da tiya ake auna masara da dawa, amma fa girman mudu yakan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Muddin mai saye da mai sayarwa suna duban juna, ga kuma dillali a tsakani, wannan bambanci ba ya hana ciniki.

Al'amari ya sake sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Mai saye yana Ingila, bai san mudu ba, sai sikeli ya zama alƙali. Sa'an nan cikin 1968 hukumar ISO ta ƙayyade girman kwantena, ta yadda akwati ɗaya zai dace da mota da jirgin ruwa ko'ina a duniya. Hatsin da ya tashi daga kudancin Kano zuwa Dawanau, watau babbar kasuwar hatsi ta Kano, idan zai ƙetare teku sai an juya lissafinsa zuwa kilo da tan.

To, takardun wannan ciniki a kwamfuta ake rubuta su, ita kuwa lambobi take karantawa. Ƙa'idar ASCII da aka fitar a Amurka cikin 1963 gurbi 128 kaɗai gare ta, ba ta bar wa ɓ da ɗ da ƙ wuri ba. Alhali tun cikin shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya ta karɓi waɗannan haruffa masu lanƙwasa, Hukumar Hausa da aka kafa cikin 1955 ta ci gaba da tsare su. A na'urar da ba ta san su ba, kaya da ƙaya abu ɗaya ne. Sai cikin 1991 ƙa'idar Unicode ta ba kowannensu lamba tasa, har da alamar naira.

Ashe ke nan daidaita rubutu da daidaita mudu aiki ɗaya ne. Malamin da ya bar ɗalibai suna yar da lanƙwasa, ya bar su suna awo da mudu mai ɓula.