Arziki da Hayaƙi a Ƙasar Katagum

Lokacin da Bature matafiyi Kilafaton ya sauka birnin Katagum a 1824, ya tarar da kasuwa mai ci, ana ciniki da wuri. Arzikin wancan zamani ƙarfin mutum da na dabba ke ɗauke da shi. Manomi na da fartanya, fatake na da jakuna da raƙuma, maƙeri kuwa na ƙona gawayin ƙirya gwargwadon bukatarsa. Hayaƙin da ke tashi kaɗan ne, daji kuma yana samun sararin mayar da abin da aka sare.

Al'amura sun sauya da zuwan Turawa. A 1916 aka mayar da hedkwatar masarauta daga Katagum zuwa Azare. Cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, aka yi ta sassabe domin faɗaɗa gonaki, manyan motoci suka riƙa jigilar amfanin gona zuwa Kano. Masana sun tabbatar da cewa itace rumbu ne na kabon. Idan aka sare shi aka ƙone, sai kabon ɗin ya koma sararin sama, ya ƙara ɗumamar duniya. Ashe tun kafin a san sunan cutar, an fara kamuwa da ita.

Farin 1973 ya nuna raunin ƙasar da aka yi wa aski. Kuɗin man fetur na shekarun nan kuma suka kawo kwalta da motoci, daga baya babura da janareto da injinan ban-ruwa suka cika fadamun Kogin Jama'are. Gari ya haɓaka, bukatar itacen girki ta haɓaka tare da shi. Bayan cire tallafin mai a 2023, tsadar makamashi ta mayar da gidaje da yawa ga gawayi.

Sai dai adalci ya wajaba. Hayaƙin kabon da ɗan Nijeriya ke fitarwa ta ƙona mai bai kai tan ɗaya a shekara ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 10. Ba za a ce wa talakan Katagum ya daina neman abinci ba. Amma tunda Nijeriya ta yi alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, hakkinsa ne a samar masa lantarki na hasken rana da murhu mai tsimin itace. Idan ba haka ba, gatari zai ci gaba da cin marke da gawo, hamada kuma tana biye da shi.