Faifan Garmaho a Najeriya: Daga Kantin 'Yan Kasuwa zuwa Hannun Masu Tarawa

Duk wanda ya daɗe a harkar tara faya-fayan garmaho ya san cewa kamfanonin da suka buga su ba su taɓa ɗaukarsu a matsayin kayan tarihi ba, domin a wurinsu haja ce da ake sayarwa a kanti ɗaya da sabulu da atamfa da fitilar ƙwai, wadda ake sa ran za ta tsufa a jefar da ita a sayi wata. Wannan ne ya sa tarihin faifai a Najeriya, musamman faifan waƙoƙin Hausa, ya kasance mai giɓi da yawa, kuma abin da ya tsira daga cikinsa ya tsira ne a ɗakunan ajiya na ƙasashen waje ko a hannun ɗaiɗaikun mutane da suka ƙi rabuwa da shi.

Na'urar ɗaukar murya ta fara ne da Thomas Edison a Amurka a 1877, sai dai tasa a jikin wani bututu mai juyawa take zana sauti. Emile Berliner ne ya fito da shimfiɗaɗɗen faifai a 1887, wanda fifikonsa shi ne ana iya yin uwar faifai ta ƙarfe a riƙa danna ta ana fitar da dubbai masu kama ɗaya. Ana yin tsofaffin faya-fayai da shalak, wato wani irin danƙo da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a gauraya shi da garin dutse, shi ya sa suke da nauyi kuma suke fashewa da zarar sun faɗi. Suna juyi 78 a minti ɗaya, kuma fuska guda ta faifai mai faɗin inci 10 ba ta ɗaukar fiye da minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Garmahon da ke kaɗa su ba ya bukatar lantarki: ana yi masa wani da hannu kamar agogo, allurar ƙarfe ta bi siririn layin da aka zana a faifan, girgizarta ta motsa wani tantani, ƙaho kuma ya ƙara wa sautin ƙarfi. Rashin bukatar lantarkin nan ne ya ba shi damar shiga garuruwan da wutar ba ta isa ba sai bayan shekaru masu yawa, ta hannun ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, da akawuna da sojoji da fatake.

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki ɗaruruwan waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama da suka haɗa da Fanti da Ga da Yarabanci da Hausa, aka buga su a masana'antar Hayes da ke Ingila, aka yi jigilarsu zuwa tashoshin bakin teku. Daga farkon shekarun 1930 kamfanoni irin su Odeon da Parlophone da HMV suka fara aiko da injiniyoyi su ɗauki sauti a Legas da Akara, manyan kamfanonin ciniki kamar UAC kuma su rarraba faya-fayan a kantunansu tare da garmahon kansa, tun da wanda ya sayi na'ura ba zai daina neman abin ɗora mata ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Decca ya shigo da ƙarfinsa, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Akara, inda kiɗan hayilaif na su E. T. Mensah ya samu gindin zama.

Abin lura a nan shi ne yadda minti ukun nan ya takura wa mawaƙin Hausa fiye da yadda ya takura wa takwaransa na bakin teku. Waƙar fada ko ta noma ko ta dambe ba ta da ƙayyadadden tsawo, domin mawaƙi yana ƙara ɗiya ne gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da aka yi masa na kyauta, 'yan amshi kuma suna maimaita gindin waƙa har sai ya ga dama ya sauke. Da aka tsayar da irin wannan mawaƙi gaban na'ura aka ce ya kammala kafin fitila ta kunnu, abin da aka samu guntu ne na waƙar, an datse mata kai da ƙafa, kuma sau da yawa an matsar da makaɗa baya don kada ƙarar ganga ta sa allurar yanka ta yi tsalle. Saboda haka mai nazarin da ya saurari faifan juyi 78 ya ɗauka haka waƙar take a bainar jama'a ya yi kuskure babba. Gidajen rediyo, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962, su ne suka riƙa ɗaukar waƙoƙin da tsawonsu a kan zaren tef, shi ya sa muryoyin manyan mawaƙan fada suka fi yaɗuwa ta rediyo a kan ta kanti.

Sauyi ya zo daga Amurka, inda kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a 1948, RCA Victor kuma ya biyo da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949. Duka biyun da roba ake yinsu, irin wadda ake kira binil, ba sa fashewa da sauƙi, layinsu ya fi siranta, kuma dogon yana ɗaukar kusan minti 20 a kowace fuska. A Najeriya zamanin robar ya kai ƙololuwa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata kuma babban akwatin katako mai haɗe da rediyo da garmaho ya zama adon falon ma'aikaci. Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar, wato EMI da Decca da Philips, tare da na 'yan ƙasa irin su Tabansi, kuma an kai ga buga faifan a cikin gida ba sai an aika Ingila ba. Ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Apapa shi ne wanda mawaƙin Ingila Paul McCartney ya yi aiki a cikinsa a 1973, labarin da masu tarawa na Turai ba sa gajiya da maimaitawa, alhali kamfanin nan ne ya fitar da faya-fayan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, waɗanda ba a cika ambatonsu a littattafan tarihin masana'antar ba. Dogon faifai ya yi wa Shata adalci fiye da na shalak, domin ya ba kalangu da amshi sararin da suke bukata.

A gefe guda akwai faya-fayan masana, waɗanda ba don kasuwar Najeriya aka yi su ba. David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka fitar da su a faifai biyu cikin jerin kiɗan Afirka na hukumar UNESCO, kamfanin Ocora na Faransa ya buga na Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauko, kamfanin Folkways na Amurka kuma ya fitar da faifan gogen Alhaji Garba Liyo a 1976. Waɗannan sun tsira lafiya domin ɗakunan karatu na jami'o'i ne suka saye su suka jera a kanta mai sanyi.

Kaset ne ya kashe kasuwar. Philips ya ƙirƙiro shi a 1963, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya cika ƙasar Hausa, saboda rikoda tana aiki da batir, tana shiga mota da gona, kuma kowane mai shago yana iya kwafar waƙa ba tare da biyan kamfani ko mawaƙi ba. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, shigo da robar buga faifai ya gagara, kamfanonin waje suka sayar da rassansu, EMI ya koma Ivory Music, Polygram, magajin Philips, ya koma Premier. Faya-fayan da suka rage a gidaje suka gamu da maƙiyansu uku: zafin rufin kwano da ke lanƙwasa roba, ƙurar hunturu da ke shiga layi ta zama kamar yashi a ƙarƙashin allura, da gara da ke cinye kwali, wanda a jikinsa ne sunayen makaɗa da shekarar bugu suke.

Masu tarawa suna da ƙa'idojin da suka gada daga wannan asara. Allurar ƙarfe ta garmahon wani fuska ɗaya take yi a canza ta, domin an yi ta ne ta cinye don kada faifan ya cinye, kuma ɗora ta a kan faifan roba yana lalata shi a juyin farko. Ba a wanke shalak da sinadari mai barasa tun da yana narkar da shi, ba a kuma jibge faya-fayai a kwance sai dai a jera su a tsaye. Gwanin harkar ba ya wadatuwa da abin da aka rubuta a takardar tsakiya, yakan karkata faifan ga haske ya karanta lambar da aka zana a santsin da ke kusa da ita, wato lambar uwar faifai, wadda ke nuna ko bugun farko ne ko maimaici, wani lokaci ma har da masana'antar da ta buga shi.

Farfaɗowar sha'awar ta zo ne daga waje a farkon ƙarnin nan. Kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway da Analog Africa suka biyo baya, masu farautar faifai daga Jamus da Ingila da Amurka suka riƙa bin tsofaffin shaguna da rumbunan ajiya a Legas da Anacha da Kwatano suna saye da buhu. An sha sukar su da kwashe dukiyar ƙasa, sukar da ke da ƙamshin gaskiya, ko da yake yawancin abin da suka kwasa yana kan hanyar juji ne. Illar da ta fi wannan girma ita ce cewa kunnen da ya tsara farashi kunnen mai kiɗan rawa ne na Turai, wanda ke neman jita da ganga irin ta Fela Kuti ko William Onyeabor, don haka faifan da ke da wannan salo ya yi tsada har aka adana shi aka sake buga shi, na kalangu da kuntigi da kukuma kuwa, wanda daɗinsa ke cikin kalmomin da mai sayen ba ya ji, aka bar shi a ƙasan tari. Abin da ya fito daga yankin Hausa a sabon faifai kaɗan ne, kamar kiɗan Mamman Sani na Nijar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So, waɗanda kamfanin Sahel Sounds ya buga a 2013, kuma duka biyun an zaɓe su ne saboda sautin na'urar zamani da ke cikinsu.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma waƙoƙinsu da ke yawo a wayoyi yawancinsu kwafin kwafi ne daga kaset, ba shekara, ba sunan makaɗi, wani lokaci ma saurin juyin ya canza har murya ta sirance. Faifan asali shi kaɗai ne ke iya gyara wannan, domin yana ɗauke da lambar kamfani da tsarin waƙoƙin yadda aka fitar da su. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa na jami'o'i da gidajen rediyon Arewa shi ne su bi gidajen tsofaffin ma'aikata da dillalan Sabon Gari su sayi abin da ya rage, su rubuta lambobinsa cikin kundi guda, su kuma kwafe shi da allurar da ta dace da shi, tun farashinsa bai wuce ƙarfinsu ba.